Fatar da Na Ɗaura wa Keken Malam

Jiya an yi ruwa tun hantsi har azahar. Ina zaune bakin ɗaki ina kallon indararo, sai na ji ƙararrawar keke a waje. Har na miƙe zan ɗauko buta in kai zaure. Ashe mai wucewa ne. Damina biyu ke nan da rasuwar Malam, amma jikina bai yarda ba tukuna. Na koma na zauna na yi kukana a fili. Na tsufa, ba sauran wanda zan ji wa kunya a kan wannan.

Shi ya sa yau na ce wa autata, wadda ke koyarwa a firamare, ta ɗauko biro da takarda. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, iyakata abin da zan yi salla da shi. Ina faɗa tana rubutawa. Ta ce za ta daidaita maganar ta zama irin ta littafi. Na ce ta daidaita labarin, amma abin da muka ce wa juna ni da Malam ta bar shi yadda ya fito daga bakinmu. Abu guda nake so a rubuta: yadda mijina ya yi ciwo fiye da shekara a gabana ban sani ba, da yadda aikin hannuna ya kusa hana ni sani har ya tafi.

Malam wanzami ne, ɗan wanzami. Daga Fakku aka kawo ni gidansa, a wani ƙauye tsakanin Tambuwal da Kebbe, can ciki inda mota ba ta shiga sai da rani. Ƙauyuka da rugage da dama na hannunsa. Shi ke musu aski, shi ke askin suna, shi ke kaho, kuma in jariri ya ƙi kama nono shi ake aika wa. Kowace safiya in ya karya sai ya rataya zabira, ya fito da baƙin kekensa daga zaure, ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya, ya tafi. Ba ya fita sai da farar riga. Yakan ce wanda zai ɗora aska a kan jaririn kwana bakwai, dole uwar ta leƙo ta gan shi fes, hankalinta ya kwanta.

Da rani wannan ba wuya. Da damina ne ake yin ta. Murfin tayar baya ya ci tsatsa ya guntule tun yaranmu na ƙanana, na gaba kuwa dama gajere ne. In ƙasa ta jiƙe, tayoyin sai su riƙa ɗebo laka suna watsa masa. Ta gaba ta ɓata ƙafar wando da takalmi. Ta baya ta ja masa layi guda tun daga gindin riga har ƙeya, wani lokaci har hula. Kowa na gani ban da shi.

A kan wannan layin na koyi ɗan karatun da na iya a duniya. Na wanke shi na wanke shi har na san kowace hanya da launinta. Hanyar Kebbe ja ce, in ta bushe ka murje sai ta zube kamar garin barkono. Ta fadama baƙa ce, mai danƙo, tana warin ruɓaɓɓiyar ciyawa, ba ta fita sai ta kwana a ruwa. In ya bi burtali, hanyar shanu, layin kan yi tsanwa-tsanwa da ɗan hakukuwa a ciki, kuma tun bai shigo ba hanci zai gaya maka. Akwai kuma ta kwalta, wadda ban cika gani ba, don Tambuwal na da wanzamanta, bai zuwa can sai sau ɗaya ko biyu a damina in zai sayo kayan aiki. Ita toka-toka ce, ɗigo ne ƙanana ƙanana, da maiƙo a ciki da ƙaurin baƙin mai. Ita ce sabulu bai iya mata.

Abin ya zama mana wasa. In ya shigo sai ya jingine keke, ya tsaya ƙofar ɗaki, ya juya mini baya ba tare da ya ce komai ba.

"Yau ka je rugar bayan fadama," in ce, "ka dawo ta burtali."

"Wa yag gaya miki?"

"Bayanka."

"To! Ni dai bokanya anka kawo mini daga Fakku ban sani ba."

Wata rana ya ce daga gidan suna kai tsaye ya taho. Na duba, ga baƙar laka ta hau kan ja. Na ce masa ya biya wajen abokinsa masunci, sun gasa kifi ba a rago mini ba. Ya yi dariya har da tari, washegari ya shigo da tarwaɗa biyu rataye ga kan keke.

Amma abin da ke mini wasa shi ciwo yake masa. Wata damina ya je askin suna a wata ruga, cikin taron mutane, sai dattijon rugar, wanda abokin wasansa ne, ya zagaya bayansa ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku zo ku gani! Wanzam na yi wa ɗiyan mutane tsaga ga fuska, shi kuma keke ya yi mishi tashi ga baya!" Aka fashe da dariya, har matan da ke bayan bukka. Malam ya taya su dariyar, ya yi aikinsa, ya karɓi ƙwaryar nonon da aka ba shi. Amma da ya dawo bai juya mini baya ba. Ya cire rigar ya jefa cikin kwano, ya ce, "Wagga laka ta ishe ni."

Daga nan muka shiga neman magani. Ya fara da yafa buhun taki a bayansa. Rigar ta tsira daga laka, amma zufa ta jiƙe ta, ga yara na bin sa suna tambayar ko taki yake sayarwa. Ya ɗaura kwali ga guntun murfin, bai kai fadama ba kwalin ya narke. Ya je wurin mai gyaran keke na kasuwarmu. Shi ya fahimtar da shi cewa ko sabon murfi ya saya ba zai wadatar ba, don laka daga can ƙasa take tasowa, inda taya ke rabuwa da ƙasa. Abin da ake so shi ne wani abu da zai sauko ya tare ta tun ba ta tashi ba. Ya ƙara wa murfin bayan guntun gwangwani ya dawo da tsawonsa, ya huda ramuka biyu da ƙusa a bakin kowane murfi, ya yanko robar tsohuwar jarka ya ɗaura. Ta yi aiki kwana biyu. Sai dai tana kaɗawa kwaram-kwaram, karnukan rugage suka sa shi gaba, a rana ta uku ta tsage.

Ni ce na tuna da tsohuwar zabirar mahaifinsa. Tana rataye a bangon ɗakinsa tun rasuwar tsohon, ɓera ya ci gefe guda, amma sauran fatar na nan da kaurinta, irin jimar da. Na yi kwana biyu ina juya maganar kafin in iya furta ta. Da na faɗa ya dubi bangon. Can ya ce, "Baba ya yi yawo da ita da ƙafa har ya tsufa. Bari ita ma ta hau keke."

Na sauko da ita na kakkaɓe. Na yanko falle biyu, sama a tsuke ƙasa da faɗi, kamar bakin fartanya. Na shafe su da man kaɗe na shanya, na sake shafawa, don fata in ta sha ruwa ta bushe ba mai sai ta ƙandare ta naɗe. Na huda da basilla, na yanko siririyar igiya daga fatar kanta na ɗaura ga ramukan nan. Da fari na yi su da tsawo, ta gaban ta riƙa jan ƙasa tana kwaso ciyawa. Na yi ta ragewa kaɗan kaɗan har ta tsaya yatsu huɗu sama da ƙasa. Ta gaba ita ke tsare ƙafa da wando, ta baya ita ke tsare riga. Na kuma ce masa in ya zo kududdufi ya daina taka feda kamar mai tsere, ya bar keken ya ratsa a hankali.

Ranar da aka yi ruwa na gaba, ya tafi har bayan fadama ya dawo. Ya tsaya ƙofar ɗaki ya juya mini baya, yana ta wani yanga kamar ango.

"To, ɗiyar Fakku, ina nij je?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Fari tas, sai ɗan ɗigo biyu can gindi.

"Ban sani ba," na ce.

"Alhamdu lillahi! Yau asirin wanzami ya rufu."

Muka yi dariya. Na ji daɗi har raina, don hannuna ya huta da cuɗa, sabulu ya riƙa daɗewa, kuma masu keke suka riƙa tsayar da shi a hanya suna duba abin. Shekara fiye da goma sha biyar fatar nan na wurin. Duk farkon damina in kwance ta in shafa mata mai in mayar. Wasan juya baya kuwa ya mutu da kansa, tunda ba abin dubawa. Ban ji na rasa komai ba a lokacin.

Ban iya cewa ga ranar da ciwon ya fara. Ya dai rage cin tuwo, in na yi magana ya ce ya ci a gidan suna. Wando ya fara yi masa yawa, ya riƙa ƙara jan mazagi. Farin idonsa ya ɗan sauya, na ce ciwon shawara ne, na dafa masa saiwoyin da shi da kansa ke ba mutane, ya sha ya yi godiya. Duk bayan mako biyu, ranar Talata, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya, ya ce aiki ya yi yawa. Sau ɗaya na ga ɗan baƙin tabo a cikin gwiwar hannunsa, ya ce ƙaya ce. Damina ta wuce a haka, rigarsa fes. Rani ya shigo ya wuce. Ina tambaya, "Malam, lafiya dai?" yana cewa, "Lafiya lau." Shekara arba'in da wani abu ban taɓa kama shi da ƙarya ba in ban da ta kifi, don haka na yarda.

Sai wata Talata, damina ta kankama, aka wuni ana yayyafi. Na ji ƙararrawa, na fito da buta. Ya jingine keke, ya tako a hankali har ƙofar ɗaki, ya juya mini baya ya tsaya, yadda yake yi da can. Ga layi tun daga gindin riga har ƙeya.

Ni kuwa sai na wuce shi na nufi keken.

"Ina fatar baya?" na ce. "Ta faɗi ba ka ji ba? Fatar Baba guda, ka bari ta faɗi ga hanya?"

Ya daɗe tsaye a haka, bayansa na fuskantata, ni ina tsugune gaban taya ina faɗa. Sannan ya cire rigar ya miƙo mini. Na dunƙule ta na tura cikin ruwa ban ko warware ta ba. Washegari na cuɗa na cuɗa tabon ya ƙi fita, na ce sabulun yanzu ne ba shi da kirki. Ko a nan hankalina bai ba ni ba.

Na ɗauko ragowar zabirar na yanko wata fatar. Wannan karon na jiƙa igiyar kafin in ɗaure, don in ta bushe ta kame, na yi ƙulli a kan ƙulli har uku, na ja da haƙori. Yana zaune a kan tabarma yana kallona.

"Wagga ko aljani bai kwance ta," na ce.

"Kin ɗaure ƙwarai," in ji shi.

Mako biyu suka wuce. Talata ta zagayo, Allah da ikonsa aka sake yin ruwa da hantsi. Da la'asar ya shigo. Bai tsaya ƙofar ɗaki ba, bai juya ba. Ya cire rigar a tsakar gida ya ba ni a hannu, ya koma zaure. Da yana miƙo mini na ga farcen babban yatsansa ya tsage har da busasshen jini. Na leƙa keken, ba fatar baya. Raina ya ɓaci. Na ɗauki rigar zan jiƙa, na sa hannu aljihu yadda na saba don kada in wanke masa goro. Sai na ji abu mai kauri.

Fatu biyu ne, a ninke, tsohuwa da sabuwa. Igiyoyinsu na jiki, ba a yanke ba, ba su tsinke ba. An kwance su ne, ƙulli bayan ƙulli.

Na zauna a kan turmi. Na shimfiɗa rigar a cinyata, na warware bayanta, na duba ta yadda rabona da duba riga tun ina da sauran baƙin gashi. Can ƙasa akwai ɗan ja na hanyarmu. Amma a kansa, tun daga gindi har wuya, toka-toka ne, ɗigo ƙanana ƙanana. Na shafa da yatsa, maiƙo. Na kai hanci, baƙin mai. Kwalta ce, kuma ba tsallakawa kawai ya yi ba, ya yi tafiya mai nisa a kanta. Na tashi na ɗauko waccan rigar da tabonta ya ƙi fita, na haɗa su. Iri ɗaya.

Me zai kai wanzamin ƙauye Tambuwal Talata biyu, ya dawo ba sabuwar aska ba sabulu? Sai tuwon da ake bari ya faɗo mini, da mazagin wando, da idon, da tabon da aka ce ƙaya ce, wanda yake daidai inda ake soka allura a ɗebi jini. Babban asibiti na can. Mutumin da ƙauyuka ke kawo wa ciwonsu, wanda ubansa da kakansa ba wanda ya taɓa kwanciya gaban likita, ina zai samo bakin da zai ce wa matarsa saiwoyinsa sun kasa?

Na wanke fuskata. Na ɗauki rigar ba wanki, da fatun biyu, na shiga zaure. Yana zaune yana wasa aska a kan fata, a hankali, sama da ƙasa. Na durƙusa na ajiye su gabansa. Na yi niyyar tambayoyi da yawa, amma da na buɗe baki guda ce ta fito.

"Malam, yaushe za ka koma?"

Askar ta tsaya. Bai ɗago ba.

"Sun ce jibi. Ba su son a jira mako biyu yanzu."

"Da ni za ka."

"Keken bai ɗaukar biyu, ɗiyar Fakku. Ni kaɗai ma da ƙyar nika kai shi."

"Mota za mu shiga. Keke ya gama zuwa Tambuwal."

Ya ninke askar ya sa a zabira. Ya ɗauki tsohuwar fatar yana juya ta a hannu.

"Na ɗauka kin mance karatu," ya ce.

"Na mance. Tun yaushe?"

"Tun waccan daminar. Hanta ce, sun ce ta yi nisa. Na sha zama wurin ga in gaya miki. In na buɗe baki sai in ji ina tambayar ko an ba awaki dusa. Da damina ta wuce sai na ce to, bari ta dawo. Rani duka ruwa nika jira."

A nan na kasa. Na kife kaina a gwiwarsa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Ya bar ni na yi. Da na lafa sai ya nuna mini yatsan nasa.

"Ke kuma wane irin ƙulli ne wanga? Na kusa rabin sa'a gindin wani iccen bedi bakin kwalta ina fama da shi. Masu babur na wucewa suna ce mini, Baba, faci ne?"

Na yi dariya hawaye na zuba. Shi ma ya yi.

A daren ba mu gaya wa kowa ba. Washegari ya kira yaran ya faɗa musu da bakinsa, tunda maganar farko ta riga ta fita, sauran ba su yi masa wuya ba. Jibin babban ɗanmu ya kai mu bakin kwalta da babur ɗaya bayan ɗaya, muka shiga ƙaramar bas. Likitan yaro ne, bai wuce sa'ar ɗanmu na uku ba. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya daɗe yana roƙon Baba ya zo da wani nasa. Ya yi mana bayani dalla-dalla abin da zai ci da abin da zai bari, da abin da za mu gani nan gaba don kada mu firgita. Daga ranar ban sake barin sa ya tafi shi kaɗai ba.

Ya miƙa wa babban ɗanmu zabira. Ni na koma dama kunu da farfesu marar mai, ina ba shi kaɗan kaɗan sau da yawa. In an ɗauke ruwa da yamma nakan shimfiɗa masa tabarma bakin zaure, in zauna daga ciki. Yanzu babura sun fi yawa, amma akan samu mai keke jefi-jefi. In ɗaya ya wuce sai Malam ya nuna bayansa da haɓa.

"Wancan fa, daga ina?"

"Fadama."

"Wanga na biyun?"

"Wannan burtali ya biyo, kuma matarshi za ta yi faɗa."

Haka muka ƙarasa daminar. An yanke gero yana gani, an kawo masa sabon tumu ya ɗan taɓa. Dawa ba ta nuna ba ya rasu, ranar wata Alhamis da hantsi, ina riƙe da hannunsa, babban ɗanmu na karanta masa kalmar shahada yana bi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Mutane na ce mini in yi haƙuri, ajali ba ya jira. Na sani. Ba cewa nake da na gane da wuri da bai mutu ba. Abin da ke cin raina tafiyar nan ce da ya riƙa yi shi kaɗai, tsoho a kan keke da ciwo a cikinsa, ya je a soke shi da allura a gaya masa magana mai nauyi, ya tako ya dawo, ni kuma in tare shi da buta in yaba hasken rigarsa. Sai kuma kwana goma sha huɗun nan. Ya tsaya ya juya mini baya, na wuce shi na tafi wajen taya. In na tuna wannan har yau sai na ajiye abin da ke hannuna. Amma kuma ina gode wa Allah da ya sa aka yi ruwa a Talata ta biyu. Wata huɗu da ɗoriya na samu ina jinyarsa, da saninsa da sanina, ba wanda ke ɓoye wa wani komai. Da ya tafi ban sani ba, ban san yadda zan ɗauki ragowar kwanakina ba.

Rigar ta biyu ya sa na wanke ta, ya ce ai na riga na karanta. Tabon bai fita duka ba. Da aka zo raba kayansa ba wanda ya miƙa mata hannu, na ce a bar mini. Tana cikin akwatina.

Keken kuwa babban ɗanmu bai bukatarsa, babur yake hawa. Aka ba mijin autata, shi ma malamin makaranta ne, a wani ƙauye hayin fadama. Mutumin kirki ne, mai shiru-shiru, irin waɗanda in ƙaya ta soke su sai sun gama gaisuwa kafin su cire. Farkon daminar nan auta ta turo keken har tsakar gida, tunda shi kunya ba ta barin sa ya roƙe ni, ta ce rigunansa na lalacewa, ko fatun nan na nan?

Suna nan. Na ɗauko tsohuwar, na shafa mata man kaɗe, na kwanto ta gaban ma, wadda har yanzu tana jikin keken, na shafa mata. Na gwada yatsu huɗu daga ƙasa. Ta gaban na ƙulle ta tam yadda na saba. Da na zo ta baya sai na yi mata ɗaurin zarge, na bar bakin igiyar ya ɗan leƙo waje.

Auta ta tsuguna ta duba. Ta ce, "Inna, wannan ai zai kwance."

Na ce mata ba ya kwancewa da kansa, sai an ja. Ja ɗaya ya isa, ko da hannun da ba ƙarfi.